Amsoshin Tambayoyinku: Hasashen Farkon Kaka da Abin da Teburi Ya Nuna

Assalamu alaikum. An rufe kakar ƙwallon ƙafa ta 2024/2025 a Turai da nan gida, kuma yawancin saƙonnin da suka shigo wannan fili a makonnin nan a kan abu ɗaya suke: wa ya faɗi daidai tun watan Agusta, wa kuma ya shara ta. Na zaɓi biyar daga ciki. Waɗanda suka turo zagin ƙungiyoyin abokan hamayya kawai su yi haƙuri, ba za mu buga ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A gidan kallon da muke zuwa a Rigasa, kafin a fara Firimiya mai gidan ya kawo takarda kowa ya rubuta wanda zai ɗauki kofi, aka liƙa a bango. Yawancinmu Manchester City muka rubuta, saura Arsenal, domin abin da muka ji masana suna faɗa ke nan a rediyo da talabijin. Mutum ɗaya ne ya rubuta Liverpool, shi kuwa kowace shekara Liverpool yake rubutawa. Yanzu ya hana mu sakat, wai ya fi masanan sanin ƙwallo. Shin masanan nan sun san abin da suke faɗa kuwa? (Daga wani mai karatu a Rigasa, Kaduna)

AMSA: Ɗan'uwa, ka gaishe min da abokin naku, ka taya shi murna, ƙungiyarsa ta ci kofin da gumin goshinta. Amma abin da ya rubuta a takardar nan ba hasashe ba ne, ƙauna ce. Wanda yake rubuta suna ɗaya kowace shekara dole wata shekarar ya dace. Ni abin da nake dubawa a hasashe shi ne dalilin da mutum ya kafa maganarsa a kai, kafin in duba ko ya faɗa daidai.

Waɗanda suka ce City suna da hujja mai ƙarfi. Ta ɗauki kofin sau huɗu a jere, abin da babu wadda ta taɓa yi a tarihin babbar gasar Ingila, kuma sau shida cikin kaka bakwai. Ta gama kakar 2023/2024 da maki 91. Ita kuwa Liverpool, Jurgen Klopp ya ajiye aiki bayan kusan shekara tara, aka ɗauko Arne Slot daga Feyenoord, mutumin da bai taɓa horar da ƙungiya a Ingila ba, kuma Federico Chiesa kaɗai ne sabon ɗan wasan da ya shigo cikin tawagar a wannan bazara. Mun kuma ga yadda Manchester United ta kasance bayan tafiyar Ferguson, da Arsenal bayan Wenger. Duk wanda ya yi shakkar Liverpool a lokacin ba wauta ya yi ba.

Abin da ya juya kakar ya faru ne ranar 22 ga Satumba, 2024, a wasan City da Arsenal da aka tashi 2-2. Jijiyar gwiwar Rodri, ɗan wasan tsakiya na City, ta tsinke, ya fita, bai dawo ba sai dab da ƙarshen kaka. Daga ƙarshen Oktoba City ta shiga wani hali da ba mu saba gani ba a hannun Guardiola: an doke ta sau biyar a jere, ciki har da 4-1 a hannun Sporting da 4-0 da Tottenham ta je har gida ta yi mata. Feyenoord ta farke ƙwallo uku aka tashi 3-3. A wasa 13 sau ɗaya ta yi nasara. Daga maki 91 ta sauko zuwa 71.

To a nan ne nake ganin laifin masanan, kuma laifi ne na gaske. Ba wanda zai san ranar da ɗan wasa zai ji rauni, wannan sai Allah. Amma sanin cewa City ta rataya a wuyan mutum ɗaya ba gaibu ba ne. A kakar 2023/2024 sau uku kacal aka doke ta a Firimiya, Wolves da Arsenal da Aston Villa, kuma duka ukun Rodri yana zaman dakatarwa bai buga ba. Da bazara ta zo ba ta sayo masa mataimaki ba, sai ta dawo da Gundogan mai shekara 33, ta kuma sayar da Julian Alvarez ga Atletico Madrid. De Bruyne da Walker duk shekaru sun fara ja. Waɗannan abubuwa a fili suke tun watan Agusta. Mai sharhin da ya san aikinsa zai ce City ce a gaba, amma in wani abu ya sami Rodri lissafi ya rushe. Kaɗan ne suka tsaya suka faɗi haka. Mafi yawa teburin bara suka ɗauko suka sake jerawa, kamar telan da ya ɗinka wa yaro kayan sallar bana da awon bara.

Haka kuma aka manta cewa Liverpool ɗin da Slot ya gada ta yi jan ragamar teburi har farkon Afrilun 2024 kafin ta gaji ta ƙare ta uku da maki 82. Alisson da Van Dijk da Salah suna nan. Slot bai rushe ginin ba, gyara ya yi, babban gyaransa kuwa shi ne mayar da Gravenberch lamba shida, wato ɗan tsakiya mai tsayawa gaban masu tsaron baya. Salah ya ci ƙwallo 29, ya bayar aka ci 18. Liverpool ta tabbatar da kofinta na 20 ranar 27 ga Afrilu da ta lallasa Tottenham 5-1, saura wasa huɗu. Ka lura da wannan: maki 84 ta gama da shi, wato biyu kawai ta ƙara a kan na bara. Gaskiya ne ta saki jiki bayan kofi ya shiga hannu, ba ta ƙara cin wasa ko ɗaya ba. Duk da haka, ba wai Liverpool ta yi tsalle ba ne, ita ta tsaya daram, City ta zubar da maki 20, Arsenal ta zubar da 15.

Inda masana suka dace shi ne ƙasan teburi, domin Leicester da Ipswich da Southampton da suka hau duk sun koma, kamar yadda Luton da Burnley da Sheffield United suka yi a bara. Wannan bai buƙatar dogon ilimi, tazarar kuɗi ce. Inda suka fi kaucewa kuwa Nottingham Forest ce ta su Ola Aina da Taiwo Awoniyi, wadda da yawa suka saka cikin masu faɗuwa saboda ta ƙare ta 17 a bara, sai ga ta ta bakwai da maki 65.

Shawarata ga mai gidan kallonku: in Allah ya kai mu Agusta, ya kawo takarda mai faɗi. Kowa ya rubuta ƙungiya, a gefe ya rubuta dalilinsa, ya kuma rubuta abin da zai iya ɓata masa lissafi. A watan Mayu za ku ga wanda ya san ƙwallo a cikinku.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni ɗalibi ne kuma ɗan Arsenal. Shekara uku ke nan ana cewa bana tamu ce, muna ƙarewa na biyu. Abokaina sun ce baki ne ya kama mu tun 2004. Ni kaina na fara yarda. (Daga Unguwar Rimi)

AMSA: Ƙanena, kada ka yarda. Babu baki a nan, kuma na biyun nan uku ba iri ɗaya ba ne, kowanne da sababinsa.

A 2022/2023 ba wanda ya ba ku kofi a farkon kaka, na huɗu ake muku fata. Kuka yi kwana 248 a saman teburi, sai Saliba ya ji rauni a watan Maris, baya ta buɗe. Kun ci Liverpool biyu ta farke, kun ci West Ham biyu ta farke, Southampton da ke ƙarshen teburi ta riƙe ku 3-3 a gida, City ta ba ku 4-1. Kuka gama da 84, ita da 89. Wannan ƙarancin 'yan canji ne da ƙuruciya. A 2023/2024 kuwa ban ga abin zargi ba. Maki 89 da ƙwallo 91 suna ɗaukar kofi a shekaru da yawa, kun dai haɗu da wadda ta yi 91 ne.

Ta bana ce ta fi ciwo, domin ƙofar da kuke jira ta buɗe, City ta faɗi, ba ku shiga ba. Sau huɗu aka doke ku, daidai da Liverpool, kuma ba wadda aka zura wa ƙwallo kaɗan kamar ku, 34 kacal. Kunnen doki ne ya cinye ku, har 14. Ƙwallayen da kuke ci suka sauko daga 91 zuwa 69, babu ɗan wasanku ko ɗaya da ya kai 10 a Firimiya. Odegaard ya ji rauni a idon sawu a Satumba, Saka a cinya a Disamba, Jesus a gwiwa a Janairu, Havertz a Fabrairu, har ta kai Merino ɗan tsakiya ne yake buga gaba. Tun bazara masu lura suke cewa ƙungiyar nan tana buƙatar mai cin ƙwallo, ba a sayo ba, Janairu ta zo ta wuce ba a sayo ba. Wannan shawarar mutane ce a ofis, kuma abin da mutum ya ɓata mutum yana iya gyarawa. Ƙungiyar da ta doke Real Madrid 3-0 a Landan ta bi ta gida ta ƙara mata 2-1 ba ta yi kama da wadda baki ya kama ba.

TAMBAYA: Malam, da Mbappe ya koma Real Madrid cewa aka yi an gama magana a Sifaniya da Turai. Me ya faru? (Daga Kakuri)

AMSA: An ƙirga wanda ya shigo, ba a ƙirga wanda ya fita ba. Mbappe ya yi aikinsa, ƙwallo 31 ya ci a La Liga, ya fi kowa. Amma Toni Kroos, wanda yake rarraba ƙwallo daga tsakiya, ya yi ritaya a wannan bazarar ba a maye gurbinsa ba, sannan Carvajal da Militao duk gwiwa ta kwantar da su kafin ƙarshen Nuwamba. Barcelona ta Hansi Flick ta doke su sau huɗu: 4-0 a Bernabeu, 5-2 a Jidda, 3-2 a wasan ƙarshe na Copa del Rey, sai 4-3 a Mayu. Ita kuwa PSG da Mbappe ya baro, aka ce ta yi asara, Luis Enrique ya sami ƙungiyar da kowa yake gudu ya tare, ta ɗauki kofin zakarun Turai karon farko da 5-0 a kan Inter Milan. Babban suna yana sayar da riga, amma wasa daga tsakiyar fili ake juya shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ban san ƙwallo ba, ɗana ne yake karanta min wannan fili. Yana koyon gyaran waya, ɗan abin da ya samu sai ya zuba a wannan caca ta ƙwallo. In na yi magana ya ce ai ba sa'a ba ce, ilimi ne, akwai masana da yake bi a waya suna ba shi wasannin da za a ci. Kullum yana kawo min labarin wata ƙungiya wai Leicester da ta mai da talakawa masu kuɗi. Don Allah ka yi masa bayani, ya fi jin maganarka. (Daga wata uwa a Tudun Wada)

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Tunda shi yake karanta miki, bari in yi magana da shi kai tsaye.

Ɗana, hukuncin caca ba ni zan koya maka ba, yana cikin Suratul Ma'ida aya ta 90, an haɗa ta da giya an ce a nisance su. Canja mata suna ko shigar da ita cikin waya bai canja hukuncin ba. Amma tunda ka ce ilimi ne, zo mu yi lissafin tare.

A ce masanin naka gwani ne ƙwarai, cikin wasa goma yana dacewa a bakwai. Ku kuma ba wasa ɗaya kuke sakawa ba, tikiti kuke cikawa, kuma in ɗaya ya kauce duka ya yanke. In ka jera wasa 10, damar su fito duka ba ta kai 3 cikin 100 ba. In ka jera 15, ba ta kai 1 cikin 200 ba. Wannan ninkawa ce kawai, ka ɗauki kalkuletar wayarka ka ninka 0.7 sau goma ka gani da idonka. Shi ya sa kullum kake jin ana cewa wasa ɗaya ne ya yanke min. Ba rashin sa'a ba ne, haka aka gina abin. Kamfanin kuma ya riga ya cire ribarsa a cikin farashin da ya ba ka tun kafin a busa usur.

Dubi kakar da muka gama. Plymouth, tana ƙarshen teburin rukuni na biyu, ta fitar da Liverpool daga kofin FA da 1-0. Southampton da ta tara maki 12 kacal a kaka guda ta riƙe City babu ci a watan Mayu. Crystal Palace da ba ta taɓa ɗaukar babban kofi ba ta doke City a wasan ƙarshe na kofin FA. Manchester United ta ƙare ta 15, Tottenham ta 17, kuma su biyun ne suka buga wasan ƙarshe na Europa. Wane masani ne ya ba ka waɗannan?

Labarin Leicester gaskiya ne. A 2015/2016 kamfanonin caca na Ingila sun saka 5,000 a kan 1 cewa ba za ta ci ba, ta kuma ci da maki 81 a hannun Claudio Ranieri, da Vardy da Mahrez da Kante. Amma ka tambayi kanka me ya sa har yau ita kaɗai ake ba ka labari. Daga bayan wannan shekara zuwa 2025 Chelsea da City da Liverpool ne kawai suka ɗauki kofin. Kuma abin da labarin yake nunawa shi ne masana duka ba su gan ta tafe ba, wato hujja ce a kanka, ba taka ba. Mai ba ka wasanni a waya, da yana da tabbas, da ba ya buƙatar kuɗin rajistarka. Ranar da ya dace zai ɗauki hoto ya watsa, ranar da ya kauce ya goge.

Kana da sana'a a hannu wadda ake nema a kowace unguwa a garin nan. Kuɗin da kake zubawa a wata guda ka ba Hajiya ta ajiye maka, ka fara haɗa kayan aikinka. Ƙwallo kuma ka ci gaba da kallo, za ka ji daɗinsa fiye da yanzu da kake kallo gabanka yana faɗuwa saboda bugun kusurwa a wata ƙasar da ba ka san sunan ƙungiyoyinta ba.

TAMBAYA: Malam, na haura sittin, na kalli Ranchers Bees da idona. Abin da yake damuna, yaran yanzu kowa yana da hasashen Ingila, amma ka tambaye su wa ya ɗauki gasar Najeriya sai su yi shiru. Shin tamu ba a iya hasashenta ne? (Daga wani dattijo a Kawo)

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Kun taɓo abin da yake ci min rai. Ana iya hasashenta, kuma bana ta fi ta Ingila bin hujja. Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun ce ta ɗauka, karon farko a tarihinta. Ta ƙare ta biyu a 2023 bayan Enyimba, ta sake ta biyu a 2024 bayan Rangers, ta riƙe kocinta Daniel Ogunmodede, tana da filinta da makarantar renon 'yan wasanta. Duk wanda yake bin gasar zai sa ta a gaba tun farkon kaka. Ƙanena na Unguwar Rimi ma ya dubi wannan.

Abin da yake wahalar da hasashe a nan gida daban ne. Kaka biyar, zakaru biyar: Akwa United a 2021, Rivers United a 2022, sai Enyimba, sai Rangers, sai Remo. Akwa United ɗin da ta ci a 2021 bana ta faɗa rukuni na biyu. Yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, ƙarfinsu yana bin yadda aka saki kuɗi da yadda ake biyan albashi. Ɗan wasa in ya yi fice kaka ɗaya sai ya tafi waje ko wata ƙungiyar ta ɗauke shi. Ga doguwar tafiya a mota daga Maiduguri zuwa Fatakwal, ga wahalar cin wasa a waje. Wanda zai yi hasashen gasarmu sai ya san wa ake bin bashin albashi da wa aka hana buga wasa a filinsa, sanin sunayen 'yan wasa kaɗai bai isa ba.

Game da shirun yaran kuwa, ban ɗora musu laifin duka ba. Cikin ƙungiyoyi 20 da suka buga gasar bana babu ta Kaduna ko ɗaya. Kano tana da Pillars, har Ahmed Musa ya dawo ya buga mata, Katsina tana da tata, Neja da Filato da Nasarawa da Borno duk suna ciki. Garin da aka haifi Rashidi Yekini da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, garin da Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1988, garin da Kaduna United ta doke Enyimba ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, a kakar 2024/2025 yaro ba shi da ƙungiyar da zai hau Keke Napep ranar Lahadi ya je filin wasa na Ahmadu Bello ya gan ta tana karawa da manya. Lokacin da Pillars ta yi zaman aro a filin nan a 2021 mun ga yadda garin ya ɗauki zancen wasanninta, har a teburin mai shayi. Ku da kuka ga zamanin Bees, ku ne za ku iya zuwa gaban hukumar wasanni ta jiha da attajiran garin nan ku faɗa musu abin da aka rasa, za a saurare ku fiye da mu masu rubutu. In kun shirya zama a kan haka ku aiko mana da rana da wuri, za mu sanar a wannan fili, ni ma zan zo in Allah ya yarda.